Kira, Gayyata da Sammaci a Turancin Ingilishi

A bakin Bahaushe kalmar "kira" tana ɗaukar kaya da yawa. Uwa ta kira ɗanta, ladan ya kira salla, alƙali ya kira wanda aka yi ƙara, duka kira ne. Ingilishi kuwa ya rarraba wannan aiki ga aikatau daban-daban, kuma a nan ne ɗalibai kan yi tuntuɓe a jarrabawar WAEC. Abin lura shi ne irin ikon da mai kira yake da shi a kan wanda ya kira.

Kalmar call gama-gari ce, babba da yaro kowa na amfani da ita. Invite kuwa gayyata ce, wanda aka gayyata in ya so ya je, in bai so ba ya zauna. Convene ta taro ce, ba a yi wa mutum ɗaya.

Summon ita ce mai nauyi, domin daga sama take gangarowa ƙasa, kamar kiran da hakimi kan yi wa dagaci, ko kotu ga mai shaida. Ɗalibin da ya rubuta "I summoned my father" bai karya nahawu ba, amma ya yi wa mahaifinsa rashin ladabi ba da saninsa ba. Kalmar ta shigo Ingilishi daga Faransanci bayan Normandawa sun ci Ingila da yaƙi a 1066. Daga 'yar'uwarta summons Hausa ta ari "sammaci". Harafin s na ƙarshenta ba na jam'i ba ne: guda ɗaya a summons, da yawa summonses.

Ɗalibin Sharabi, a Ƙaramar Hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi, yana da wani tarkon kuma, saboda maƙwabtaka da Jamhuriyar Benin, inda Faransanci ne harshen hukuma. A Nijeriya convocation bikin yaye ɗalibai ne, irin wanda Jami'ar Usmanu Danfodiyo kan yi a Sakkwato. Da an ƙetare iyaka ta Tsamiya zuwa Segbana, kalmar nan, da rubutunta iri ɗaya, takardar kira ce ta tilas. Tushensu guda ne, wato convocare ta Latin, tara mutane da kira. Wanda ɗan sanda ya miƙa wa convocation a Segbana, a ofis ake jiransa, ga rana da lokaci a rubuce.