Yawon Teku Da Keken Guragu

A ƙasashen Turai da Amurka akwai waɗansu manyan jiragen ruwa waɗanda ba fatauci ke fid da su ba, sai yawon shaƙatawa. Mutum ya biya kuɗi a ba shi ɗaki, ya yi mako guda ko biyu yana ci yana kwana a ciki, jirgin kuwa na bin tashoshi ɗaya bayan ɗaya, fasinjoji su sauka su yini kallon gari, su komo da yamma. Wani daga cikinsu mai suna Icon of the Seas, wanda ya fara aiki cikin 2024, tsawonsa ya kusa yadi 400, yana iya ɗaukar fasinja 7,600. Watau gari guda ke nan bisa ruwa.

Irin wannan tafiya ta dace da tsofaffi, da guragu, da waɗanda ciwo ya raunana wa ƙafafu, don kuwa sau ɗaya za su kwance kaya, masaukinsu na tafe da su. Amma fa da can ba a yi lissafi da su wajen ƙirar jiragen ba. Ɗaya daga cikin abubuwan da suka fi damunsu shi ne dokin ƙofa. Da gangan maƙera ke ɗaga shi don kada ruwa ya kwarara daga wannan sashe zuwa wancan, ga shi kuwa abin da ya tare ruwa shi ke tare keken guragu.

Maganar ta kai har gaban shari'a. Waɗansu fasinjoji suka yi ƙarar kamfanin Norwegian Cruise Line, suka ce an karɓi kuɗinsu fiye da na kowa, ga kuma wurare a cikin jirgi da kekensu ba ya shiga. Kamfanin ya ce jiragensa tutar Bahamas suke ɗauke da ita, saboda haka dokar Amurka ta 1990 mai kare haƙƙin naƙasassu ba ta hau kansu ba. Ran 6 ga watan Yuni, 2005, Kotun Ƙoli ta Amurka ta yanke cewa dokar ta hau kan jirgin baƙi muddin yana cikin ruwan ƙasar, sai dai ba za a tilasta gyaran da zai saɓa wa ƙa'idodin duniya na tsaron rai a teku ba. Tarayyar Turai kuma ta yi tata dokar, wadda ta fara aiki cikin Disamba, 2012. Ta hana a ƙi ɗaukar mutum don naƙasarsa, sai in akwai haɗari ko ƙirar jirgin ba ta yarda ba, ta hana ƙara masa kuɗi, ta ce a taimake shi kyauta in ya sanar sa'a 48 kafin lokaci.

Yanzu sababbin jirage suna da ɗakuna masu faffaɗar ƙofa, da wurin wanka marar doki, da ƙarafan dafawa, da na'urar hawa bene. Ɗakunan nan fa kaɗan ne, da wuri kuma akan kame su.

To, sai mu zo bakin gaɓa, inda doka ba ta iya kwantad da igiyar ruwa. Ba kowace tasha ce babban jirgi ke iya raɓa ba. A tsibirin Santorini na ƙasar Girka, jirgi nesa da gaɓa yake tsayawa, a riƙa kwasar mutane da ƙananan jirage. Dole mutum ya tsallaka daga babba zuwa ƙarami alhali ruwa na rausaya su. In teku ya yi fushi, kyaftin na da ikon hana wanda ba ya iya takawa sauka. Wanda ya sauka kuma, garin na can bisa dutse, sai ya shiga keken da waya ke ja sama, ko ya hau jaki, ko ya taka matakala fiye da 500. Ta haka mutum zai biya kuɗi cur, ya yini yana hangen gari daga bene.

Don haka shawararmu ga mai niyyar kai tsohonsa ko ɗan'uwansa, kada hoton jirgi ya ruɗe shi. Kafin ya biya ko kwabo, ya tambayi faɗin ƙofar ɗaki ya gwada da na keken, ya tambayi tashoshi nawa ne jirgin zai raɓi gaɓa, nawa ne kuma sai da ƙaramin jirgi, ya nemi amsa a rubuce. Matambayi dai ba ya ɓata.