Abin da ya kamata ku sani: Yadda masuntan Gana ke hutar da teku

A galibin garuruwan da ke gaɓar tekun Gana, daga Jamestown a birnin Accra har zuwa Elmina, ranar Talata ba a fita su. Kwale-kwale na jere a kan yashi, masunta na zaune a inuwa suna ɗinkin koma, masu bashi na biyan bashi, masu rigima kuma na gaban manya ana sasanta su. Wasu garuruwan suna da tasu ranar daban, amma Talata ce ta fi shahara. Dokar ta girmi gwamnatin Gana, kuma ba a rubuce aka gada ta ba.

Asalinta addinin gargajiya ne. Ƙabilun Fante da Ga sun yi imani cewa ranar ta abin bautarsu na teku ce, wanda ya shiga ruwa a cikinta zai gamu da abin da ba ya so. Ba sai mutum ya yarda da wannan imani ba kafin ya ga amfanin abin. Yini ɗaya a kowane mako ya kama kwana 52 a shekara da babu koma a cikin ruwa, a ƙasar da ke da kwale-kwalen kamun kifi fiye da 12,000.

Mai tsare dokar shi ne sarkin masunta. Fante na ce masa Apofohene, Ga kuma Woleiatse. Kowane bakin ruwa da nasa, tare da majalisar dattawa. Shi ke yanke hukunci idan komar wani ta sarƙe da ta wani, shi ke tara mutane a nemo wanda ya ɓata a teku, shi ke karɓar baƙin masunta ya gaya musu ƙa'idar wurin, shi ke cin tarar wanda ya karya doka. A ɓangaren mata akwai konkohemaa, shugabar masu sayen kifi da banda shi, wadda ke da baki wajen yanke farashi da safe. Kada a raina wannan kujera: mata da yawa su ke ba da kuɗin mai da na koma, saboda haka masunci na jin maganarsu ko yana so ko ba ya so. Wanda ya san Argungu ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin can ma ana hana su a kogin Matan Fada sai ranar da Sarkin Ruwa ya ba da izini.

Ba teku kaɗai ake hutarwa ba. Tafkunan da ke haɗe da teku, inda ƙananan kifaye ke girma kafin su fita babban ruwa, suna da nasu lokacin rufewa. A Elmina ana rufe tafkin Benya na wasu makonni, sai a buɗe shi da bikin Bakatue a Talatar farko ta watan Yuli, inda ake jefa koma sau uku a gaban sarki da jama'a.

To me ya sa duk da wannan kifi ya yi ƙaranci? Ƙananan kifayen nan dangin sadin, waɗanda ake bandawa a kai su kasuwannin Kumasi da Tamale har ƙetaren iyaka, su ne naman talaka a Gana, kuma kamunsu ya faɗi warwas idan aka kwatanta da shekarun 1990. Dalili na farko yawa ne: kwale-kwale sun ƙaru, sun samu inji, gwamnati kuma na sayar musu da mai a farashi mai rangwame. Da kifi ya fara wuya sai wasu suka koma kunna fitilu masu ƙarfi da dare don tara shi, wasu na amfani da koma mai ƙananan idanu da ke kwashe har 'ya'yan kifi, wasu ma nakiya da guba. Duk doka ta hana, amma yunwa ba ta karanta doka.

Dalili na biyu ya fi ƙarfin kowane sarkin masunta. Manyan jiragen kamun kifi, masu ɗauke da tutar Gana amma galibinsu da hannun kamfanonin Sin a ciki, sun daɗe suna kama ƙananan kifayen da ba nasu ba, su daskarar da su, su sayar wa wasu kwale-kwale a tsakiyar teku. Wannan haramtaccen ciniki shi ake kira saiko. Ƙungiyar Environmental Justice Foundation ta ƙiyasta cewa a 2017 kaɗai an sauke kimanin tan 100,000 ta wannan hanya. A nan ne iyakar al'ada take. Ƙarfinta a kunya yake da sanin juna: mai laifi maƙwabci ne, gobe za a haɗu da shi a wurin jana'iza. Matuƙin jirgin da ba ya sauka a garin, Talata da Laraba duk ɗaya ne a wurinsa.

Gwamnati ta gwada rufe teku na wata guda. A 2018 ta sanar da rufewa a watan Agusta, masunta suka ce ba a shawarce su ba, kuma lokacin ne kakarsu, dole aka janye. A 2019 aka yi na farko ga masu kwale-kwale daga 15 ga Mayu zuwa 15 ga Yuni, daga 2021 kuma aka mayar da shi watan Yuli. A 2025 an cire masu kwale-kwale daga rufewar, aka bar ta a kan manyan jirage, tare da jaddada hutun Talata. A shekarar ce kuma sabuwar dokar kamun kifi ta faɗaɗa yankin da aka keɓe wa ƙananan masunta daga mil 6 na teku zuwa mil 12.

Misalin da ya fi burge ni ƙarami ne. A bakin kogin Densu, yamma da Accra, matan garuruwan Tsokomey da Bortianor da Tetegu na tsintar wata halittar ruwa mai ɓawo biyu masu tauri, suna dafawa suna sayarwa. Da suka ga tana raguwa tana kuma ƙanƙancewa, suka kafa ƙungiya, aka koya musu auna gishirin ruwa da girman abin da suke tsinta, sannan a 2017 suka yanke da kansu cewa za su riƙa rufe wurin wata biyar, daga Nuwamba zuwa Afrilu. Suna mayar da ɓawon cikin ruwa domin ƙananan su samu abin maƙalewa, suna kuma dasa itatuwan da ke tsirowa a ruwan gishiri. Daga baya hukuma ta amince da tsarin nasu, ta ba su haƙƙin kula da wurin. Wata biyar suka iya jurewa, alhali wata ɗaya da aka yanke daga ofis ya jawo hayaniya a ƙasa baki ɗaya.

A ganina, aikin ya rabu biyu ne. Abin da ke kusa da gaɓa, a bar wa sarakunan masunta da ƙungiyoyin mata, a ba hukuncinsu ƙarfin doka yadda ɗan siyasa ba zai sa baki a saki mai laifi ba. Abin da ke can cikin teku kuwa, sai jirgin sintiri da kotu. Mil 12 da aka rubuta a doka ba zai ƙara ko kwando ɗaya na kifi a Elmina ba sai an ga ana kama jirgin da ya tsallake shi.