Ciwon Huhu Mai Kama da Sankara: Bayani ga Hakimai da Malamansu

Akan sami mutum a ƙasar Kebbe ko ta Tambuwal ya yi wata da watanni yana tari, yana ramewa, har jini ya riƙa fita cikin kakinsa. In an ɗauki hoton ƙirjinsa aka ga dunƙule a huhu, sai dangi su ce sankara ce, su komar da shi gida su fid da tsammani. To, kama da wane ba wane ba ne. Akwai cututtukan da ke yin irin wannan dunƙule, kuma suna jin magani.

Wanda ya fi yawa shi ne tarin fuka, wanda Robert Koch ya gano ƙwayarsa a Jamus cikin 1882. Sauran biyu ba safai akan gamu da su ba.

Ɗaya ana kiransa aktinomaikosis. An fara bayyana shi a shanu cikin 1877, inda yakan kumbura musu muƙamuƙi, sa'an nan a jikin mutum cikin 1878. Ƙwayarsa a bakin mutum take zaune. In haƙora sun ruɓe, takan bi yawu ta faɗa huhu, ta tara ruwa, wani lokaci har ta huda ƙirji. Maganinsa fenisilin ne, daga wata 6 zuwa 12.

Ɗayan kuwa nokadiyosis ne, wanda ya ci sunan Edmond Nocard, likitan dabbobi na Faransa, da ya gano ƙwayarsa cikin 1888. Ita cikin ƙasa take, akan shaƙe ta da ƙura. Ta fi kama wanda wata cuta ta raunana jikinsa. In an yi sakaci takan kai ƙwaƙwalwa. Shi ma maganinsa na watanni ne. Waɗannan biyu ba a ɗaukarsu daga mutum, saboda haka kada a ƙyamaci majinyaci.

Hoto shi kaɗai ba ya raba gardama. Sai an gwada kaki, ko an ɗebi ɗan nama daga dunƙulen an duba da madubin likita.

Abin da ake bukata ga hakimai shi ne:

1. Su umurci dagatai da masu unguwa, daga Kuchi har Dogon Daji, su aika da duk wanda tarinsa ya wuce mako 2 asibiti. Gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne.

2. Wanda ya sha maganin tarin fuka bai sami sauƙi ba, a komar da shi wurin likita, ya nemi a tura shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

3. Malamai su rubuta sunansa da ranar da ya fara magani, su riƙa bin sawu, domin wanda ya yanke magani da ya ji sauƙi, ciwon yakan komo masa.