Su wane ne masu taimakon jama'a a gidan likita?

A manyan asibitocin Nijar akwai wani biro da mutanen karkara da yawa suke wucewa ba su san amfaninsa ba. Ba a yin allura a cikinsa, ba a ba da ƙwaya. Shi ne biron taimakon jama'a. Ma'aikatansa, maza da mata, su ne ake kira asistan sosiyal. Lokotoro yana duba ciwon da ke jikin mutum. Su kuwa suna duba abin da ke bayan ciwon: talauci, nisan gari, rashin abinci, rashin mai jinya.

Ga misali tarin fuka. Maganinsa wata 6 ne ba fashi. Wata 2 na farko ana haɗa magani iri 4, sauran wata 4 kuma iri 2. Bayan 'yan makonni tarin yakan lafa, mutum ya ji ƙarfi ya komo. To a ce manomi ne, ga ruwan shibka ya sauka, ga gona ba kowa, ga kuɗin mota sun ƙare. Ko makiyayi ne, bisashe sun yi arewa. Sai ya bar magani ya tafi. Ciwon bai mutu ba, kwanciya ya yi. In ya tashi yana iya zama mai gardama, wanda maganin farko ba ya kamawa, kuma ya harbi iyali. Lokotoro ya yi aikinsa daidai, amma aikin ya lalace a hanya. Nan ne wurin asistan sosiyal.

Wannan sana'a ba ta jiya ba ce. A shekara ta 1895 wani asibiti a birnin Landan, ƙasar Ingila, mai suna Royal Free, ya ɗauki wata mata, Mary Stewart, don ta tantance wanda ke iya biya da wanda ba ya iyawa. A shekara ta 1905 kuma, a birnin Boston na ƙasar Amurka, wani lokotoro mai suna Richard Cabot ya gaji da ganin abu guda. Yakan ce wa talaka ya huta, ya ci abinci mai kyau. Talaka ya amsa da to, ya koma gidan da ba abinci, ba halin hutu, ya sake komowa da ciwonsa. Sai Cabot ya ɗauki ma'aikaciya wadda za ta riƙa bin masu ciwo har gida. Ta farko ba ta daɗe ba, ita ma tarin fuka ya kama ta. Wadda ta riƙe aikin daga baya, Ida Cannon, ta zauna a kansa har shekara ta 1945.

Ida Cannon malamar asibiti ce tun farko. Duk da haka ta koma makaranta ta koyi aikin taimakon jama'a, don ta ga sanin jinya dabam, sanin halin rayuwar mutane dabam. A shekara ta 1912 ta taimaka aka buɗe karatu na musamman a Boston ga masu son yin wannan aiki cikin asibiti.

A Amurka karatun ya yi nisa ƙwarai. Yawancin asibitoci suna neman mai babbar takardar da ake kira mastar. Mutum zai yi shekara 4 a jami'a, ya ƙara shekara 2. Cikin shekarun nan na ƙari dole ya yi aƙalla awa 900 yana aiki da hannunsa ƙarƙashin wani gwani, a asibiti ko wani wuri irinsa. Awa 900, in ana yin awa 8 a wuni, sun fi kwana 110.

Wani zai ce, duk wannan karatu don a taimaki mutum? Ai tausayi ba a koyonsa a lakwal. Gaskiya ne. Amma tausayi kaɗai ba ya gaya wa mutum dokar da ta ba talaka hakki, ko ofishin da za a kai takarda. A makaranta ake koyon yadda cututtuka suke tafiya, don a gane maganar lokotoro a fassara ta ga mai ciwo da harshen da zai ji. A nan ake koyon yadda za a zauna da wanda aka gaya wa mummunan labari. A nan ake koyon riƙon asiri, kuma wannan babba ne. Mai ciwon sida, ko matar da ta samu yoyon fitsari wajen haihuwa, ba su buɗa cikinsu ga wanda bakinsa ba ya rufe. Matar nan, ko an yi mata aiki ta warke, da sauran magana. Wataƙila miji ya sake ta, dangi sun guje ta. Wa zai je ya zauna da mijin da iyayen? Wa zai nema mata sana'a? Wuƙar lokotoro ba ta kai nan ba.

A Nijar, makarantun kiwon lafiya na ƙasa, ta Yamai da ta Damagaram, sun horar da ma'aikatan taimakon jama'a tare da malaman asibiti. A Dakar da Abijan ma akwai makarantu na musamman na wannan sana'a. Yaron karkara, ko yarinya, da ya yi nisa a lakwal, ga hanya nan. Kuma yana da abin da ɗan birni ba ya da shi: ya san lokacin da rumbu ke ƙarewa, ya san abin da ke hana mace fita sai da izinin maigida.

A shekara ta 2006 gwamnati ta ɗauke kuɗin magani ga yara 'yan ƙasa da shekara 5. Amma kuɗin mota, da abincin mai jinya, da gonar da aka baro, ba su shiga ciki ba. Saboda haka wanda aka kwantar da nasa a babban asibiti, abin ya fi ƙarfinsa, kada ya sulale da dare da maras lafiya. Ya tambayi malaman asibiti ina biron asistan sosiyal yake. Ya je da takardun asibiti da katin shaida in yana da shi. Ya faɗi halinsa yadda yake, kada ya ƙara, kada ya rage don kunya. Ba kuɗi ne jibge a biron ba, kuma ba kowace bukata ake biya ba. Amma su ne suka san yadda ake neman takardar shaidar rashin hali daga ma'aikatar magajin gari. Su ne kuma ke iya magana da lokotoro a duba ko mai tarin fuka zai ci gaba da karɓar maganinsa a likitar da ta fi kusa da garinsu.