BABI NA UKU: ƊORA SABON KIƊA A KAN WAƘOƘIN MARIGAYI

3.0 Shimfiɗa

Wannan babi zai yi tsokaci a kan yadda ake ɗaukar baitocin da mawaƙi ya rasu ya bari a rubuce, ba tare da an naɗi muryarsa ba, a yi musu sabon kari da kiɗa. Za a fara da misalin Woody Guthrie na ƙasar Amurka, sannan a dubi al'amarin a waƙar Hausa, daga nan a kawo matsalolin da ke tattare da shi.

3.1 Woody Guthrie da Takardun da ya Bari

An haifi Woody Guthrie a garin Okemah na jihar Oklahoma a shekarar 1912, ya rasu a 1967 bayan doguwar jinya ta ciwon jijiyoyi na gado da ake kira Huntington. Mawaƙin talakawa ne, wanda ya yi wa manoma da leburori da 'yan ci-rani waƙa yana kaɗa jita. Bai kasance mai rubuta alamomin kiɗa ba, don haka kalmomi kawai yake zubawa a takarda, karin kuwa yana cikin kansa. Da ya rasu sai ya bar waƙoƙi fiye da 1,000 a rubuce waɗanda karinsu ya bi shi kabari.

'Yarsa Nora, wadda ke kula da takardun a wancan lokaci, ita ce ta gayyaci mawaƙin Ingila Billy Bragg ya yi wa wasu daga cikinsu kari. Shi kuma ya jawo ƙungiyar Wilco ta birnin Chicago, wadda Jeff Tweedy ke jagoranta. Salon da suka bi shi ne "fok-rok", watau kiɗan da ya auri waƙar gargajiya da jita mai lantarki da ganguna, wanda ya bunƙasa tun wajajen 1965. A 1998 suka fitar da faifai mai waƙoƙi 15 da sunan Mermaid Avenue, sunan titin da Guthrie ya zauna da iyalinsa a Brooklyn. Kashi na biyu ya biyo baya a 2000, sannan a 2012, shekarar cikarsa 100 da haihuwa, aka haɗa aikin duka da ƙarin kashi na uku.

Amfanin wannan aiki a fili yake. Jama'a sun san Guthrie da waƙar gwagwarmaya, amma faifan ya fito da waƙoƙinsa na soyayya da na yara da na raha. Ke nan takardun sun faɗaɗa sanin da aka yi wa mai su.

3.2 Al'amarin a Waƙar Hausa

Idan aka dawo gida, za a ga cewa rubutacciyar waƙar Hausa ma don rerawa ake yin ta. Marubuci yakan tsara baitoci ne a kan wani amo da yake ji a ransa, amma ajami ko boko ba sa ɗaukar wannan amo. Almajirai da makafi masu bara su ne suka riƙa adana shi ta hanyar haddacewa da rerawa. A garuruwa irin su Lajawa ta ƙaramar hukumar Wudil, kamar sauran ƙasar Hausa, idan malami ya rasu ya bar waƙa a gafaka, kuma babu wanda ya haddace karinta, to magada sun gaji rabin waƙa ne kawai.

Sa hannu a waƙar marigayi ba baƙon abu ba ne ga Hausawa. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya rasu a 1817, ya yi waƙar Tabban Haƙiƙa da Fulatanci, Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, Isa ɗan Shehu kuma ya yi mata tahamisi, watau ya ƙara ɗango uku a kan kowane baiti mai ɗango biyu. Haka kuma aron kari tsohuwar al'ada ce. Aliyu Namangi na Zariya ya ɗora Imfiraji a kan karin kiɗan caji, ya cika shi da wa'azi. Shi ma Guthrie haka ya yi, domin karin shahararriyar waƙarsa ta 1940, This Land Is Your Land, daga wata waƙa da iyalin Carter suka rera ya samo asali. Bambancin kawai shi ne, waɗannan sun zuba sababbin kalmomi a tsohon kari, su kuwa Bragg da Wilco sun yi wa tsofaffin kalmomi sabon kari.

Tun daga shekarun 1990, da bunƙasar finafinan Hausa, fiyano ya mamaye situdiyoyin Kano, har ya zama mawaƙi ɗaya zai iya haɗa kiɗa ba tare da makaɗa da 'yan amshi ba. Wannan ya sauƙaƙa irin wannan aiki, ya kuma sa kula da ƙa'idojinsa ya zama dole.

3.3 Matsaloli

Matsala ta farko ta harshe ce. Hausa tana bambanta ma'ana da tsawon wasali da kuma karin sauti. "Gari" na zama daban yake da "gari" na tuwo saboda tsawon wasali, haka "kuka" na hawaye da "kuka" ta miya saboda karin sauti. Bugu da ƙari, ma'aunin waƙa ya dogara ne a kan jeruwar gaɓa mai nauyi da marar nauyi. Idan sabon kiɗa ya ja gajeriyar gaɓa ko ya datse doguwa, ma'auni ya karye, ma'ana kuma tana iya gurɓata.

Ta biyu ita ce dacewar kiɗa da jigo. Waƙar wa'azi ko ta tuna mutuwa da malami ya rubuta, idan aka sa mata kiɗan rawa, an saɓa wa manufarsa, musamman da yake malamai da dama ba su yarda a haɗa waƙarsu da kiɗa ba tun suna raye.

Ta uku ita ce haƙƙin mallaka. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta kare aikin adabi har shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da marubuci ya rasu. Bisa wannan lissafi, waƙoƙin Sa'adu Zungur, wanda ya rasu a 1958, kariyarsu ta kai ƙarshen 2028. Saboda haka neman izinin magada wajibi ne. A aikin Mermaid Avenue, iyali ne suka buɗe ƙofa da kansu, kuma a jikin faifan an bambanta mai kalmomi da masu kari.

3.4 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa sabon kiɗa yana iya fito da waƙa daga takarda zuwa kunnen jama'a, amma karin da aka yi mata na mai rai ne, ba na marigayi ba, kuma ya kamata a faɗi hakan. Duk mai son yin wannan aiki a Hausa sai ya nemi izinin magada, ya binciki dattawan da wataƙila suka ji karin asali, ya kiyaye ma'auni, sannan ya bar kalmomin yadda mai su ya tsara. Babi na gaba zai dubi hanyoyin tattara irin waɗannan rubuce-rubuce da adana su.