Karɓa-karɓar alƙaluma masu shan tawada: Yadda ake hutar da su ba tare da sun toshe ba

A gidajen tsofaffin malaman makaranta, akawunan jirgin ƙasa da ma'aikatan kotu a Kafanchan, Zonkwa, Kagoro da Zangon Kataf, ba abin mamaki ba ne a jawo aljihun tebur ko a buɗe tsohon akwatin ƙarfe a tarar da alƙaluma masu shan tawada biyu ko uku a kwance. Wani kyautar barin aiki ce, wani kuma gado ne daga mahaifi. Idan aka cire murfi aka ja bakinsa a kan takarda, sau da yawa ko ɗigo ba ya fita. Masu su kan ce tsufa ne. Alhali kuwa mafi yawansu lafiyarsu ƙalau. An dai ajiye su ne da tawada a ciki, ta bushe ta toshe wa kanta hanya.

Wannan nau'in alƙalami ya fi jure aiki a kan zama. Tsininsa, wanda ake manna wa 'yar ƙwayar ƙarfe mai tauri, yana iya shekaru da dama yana rubutu kullum bai cinye ba, amma makonni kaɗan na zaman banza da tawada a ciki sun isa su hana shi aiki. Zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi. Shi ya sa waɗanda suka mallaki fiye da guda ɗaya suke yi musu karɓa-karɓa: kaɗan suna bakin aiki, sauran suna hutawa a wanke kuma a bushe har layi ya zo kansu.

Al'amarin ya fi nauyi a Kudancin Kaduna fiye da a Landan ko Tokyo, inda ake da masu gyara da kayan canji. A nan mai gyaran agogo ko wayar hannu ba ya wuyar samu a kasuwa, amma mai gyaran alƙalami sai an tona. Wanda ya fasa tsohon Parker garin buɗe shi da ƙarfi, galibi ya yi asararsa ke nan.

Rubutu da tawada ba baƙo ba ne a yankin. Zangon Kataf, kamar yadda sunan ya nuna, masaukin fatake ne a ƙasar Atyap, kuma babban ayari ba ya rasa malamin da ke rubuta wasiƙa da riƙe lissafi da alƙalamin kara da kurtun tawada. Daga baya makarantun mishan irin na Kwoi da Kagoro suka zo da alƙalami mai bakin ƙarfe da ake tsomawa a kwalba. Layin dogo kuma, wanda ya haɗa Kafanchan da Jos a 1927, ya mai da garin mahaɗar jiragen Fatakwal da Kaduna, ya kawo akawuna da manyan littattafan lissafi. Alƙalami mai ɗauke da tawadarsa, a maƙale a aljihun gaba na riga, ya zama alamar wanda ya yi boko ya sami aiki.

Tunanin ƙera irinsa tsoho ne. Alƙali Nu'uman ya ruwaito cewa halifan Faɗimiyya Al-Mu'izz, wanda ya yi mulki daga 953 zuwa 975, ya nemi a yi masa alƙalamin da zai riƙe tawada a cikinsa ba tare da ya ɓata hannu ko tufafi ba. Na zamani kuwa ya kankama ne bayan 1884, shekarar da Lewis Waterman na Amurka ya yi rajistar dabararsa ta daidaita fitar tawada da shigar iska. Parker 51 ya fito a 1941, kamfanin Hero na Shanghai kuma ya yi ta ƙera mai araha mai kama da shi. Biro ne ya kawar da su daga azuzuwa da ofisoshi, musamman bayan Bic Cristal ya shiga kasuwa a Faransa a 1950. Tawadar biro mai kauri ce, mai maiƙo, tana iya watanni a ajiye ta tashi da rubutu. Mutane suka saba da hakan, suka ɗauka kowane alƙalami haka yake, kuma wannan sabon ne ke kashe alƙaluman gado.

Abin da ke faruwa a cikinsa

Tawadar wannan alƙalami kusan dukkanta ruwa ce, da ɗan rini a narke. Daga ma'ajiyarta tana bi ta wasu siraran hanyoyi da aka tsaga a jikin ɗan guntun robar da ke ƙarƙashin bakin ƙarfen, hanyoyin da ba su fi 'yan silin gashi faɗi ba, ta ratsa tsagar bakin zuwa tsini, kamar yadda kananzir ke bin lagwani. Tana fita, iska na shiga ta cike gurbinta. Muddin ana rubutu kullum, sabuwar tawada na wanke hanyar da kanta. Da zarar an daina, ruwan zai riƙa ƙafewa a hankali ta kafofin murfi, rinin ya yi kauri, daga bisani ya daskare.

Alarammomi sun daɗe da sanin karɓa-karɓa, ko da yake tasu ta fi sauƙi. Mai rubuta Alƙur'ani da hannu kan ajiye alƙaluma da yawa, na baƙi daban, na ja da ake yin wasali da shi daban, na rawaya da kore na ɗigon hamza su ma daban, domin kada launi ya gurɓata launi. Idan tawada ta bushe a bakin kara, sai a kankare da wuƙa a sake fiƙewa, in ya ƙare a yanko wani. Alƙalamin zamani ya gaji hikimar farko, wato kowace tawada da alƙalaminta, amma bai gaji ta biyu ba, domin hanyoyinsa a ciki suke, wuƙa ba ta kai musu.

Yanayin Kudancin Kaduna yana ƙara wa matsalar ƙarfi, kowane lokaci da irin tasa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, iskar hunturu da ke fasa leɓe da dunduniya ita ce ke zuƙe ruwan tawada. Alƙalamin da zai yi mako uku a ajiye da damina ya tashi lafiya, da hunturu yana iya fara gardama cikin 'yan kwanaki, ga ƙura da ke manne wa jiƙaƙƙen baki duk lokacin da aka bar shi a buɗe. A Maris da Afrilu zafi ne ke buɗa iskar da ke cikin ma'ajiya ta turo tawada cikin murfi, abin da ya fi samun alƙalamin da ya kusa ƙarewa, tun da iskar cikinsa ta fi yawa. Haka ma yakan faru, ko da yake kaɗan, ga wanda ya hau mota daga Kafanchan zuwa Jos, mai tsayin kimanin mita 1,200 daga teku, inda nauyin iska ya ragu. Damina kuwa, wadda ta fi ta Kano ko Katsina tsawo da yawan ruwa, funfuna take kawowa. Kwalbar tawadar da aka ga farin yauƙi a samanta ko ta sauya wari, zubarwa ake yi, kuma alƙalamin da ya sha daga cikinta sai an wanke shi sosai kafin ya taɓa wata kwalbar.

Nawa ya kamata a cika lokaci guda

Amsar lissafi ce. Ɗan gajeren bututun roba da ke zuwa cike da tawada bai kai mililita 1 ba, alƙalami mai famfo a cikinsa kuma yakan ɗauki tsakanin 1 da 1.5. Wanda ke rubuta shafi ɗaya ko biyu a rana yakan shanye bututu guda cikin mako ɗaya ko biyu, kafin tawadar ta sami damar yin kauri. Idan ya cika alƙaluma biyar a kan wannan rubutun, kowanne zai ɗauki ninki biyar na wannan lokaci, wato wata guda ko biyu, kuma tabbas akwai wanda hannu ba zai riƙa kai wa ba. Ga yawancin mutane biyu sun isa, uku iyaka: na rubutun yau da kullum, na sa hannu, da ja ga mai duba aikin ɗalibai.

Wasu na bin kalanda, suna sauya alƙaluma farkon kowane wata. Hanyar na da tsari, sai dai takan sa a zubar da tawadar da ba ta ƙare ba, ga shi kuwa daga waje ake shigo da ita, farashinta na bin na dala. Wadda ta fi dacewa ita ce a bar alƙalami ya ƙarar da abin da ya sha, sannan a wanke shi ya koma hutu, na gaba a layi ya karɓa. Sharaɗi ɗaya ne a kai: duk wanda ya yi mako biyu ba a taɓa shi ba, musamman da hunturu, a sauke shi ko da tawada ta rage. Wanda ya san rubutunsa kaɗan ne yana iya cika rabi. Rubuta ranar cikawa da sunan tawada a bayan littafi ma na da amfani, domin ƙwaƙwalwa kan ce jiya-jiya ne alhali wata biyu sun shuɗe.

Ga malamai, a firamare ne ko a Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, zangon karatu ya riga ya tsara musu lokacin. Hutun Disamba shi ne mafi haɗari, domin a tsakiyar hunturu yake faɗowa, kuma yana zuwa ne bayan makin jarrabawa, lokacin da jan alƙalami ke cike. Jar tawada na daga cikin waɗanda suka fi yin ɓawo a baki da rina ma'ajiya. Ranar rufe makaranta ita ce ranar wankinsa.

Wankin ba shi da wuya, haƙuri yake so. Ana mayar da ragowar tawada ko a zubar, sannan a riƙa zuƙo ruwa mai sanyi ko mai ɗan ɗumi ana fesarwa har ya fito garau. In launi ya ƙi fita, ɗigo ɗaya na sabulun ruwa na wanke-wanke a cikin kofi guda ya isa, a biyo baya da ɗauraya. Ruwan rijiya ko na burtsatse mai gishiri-gishiri kan bar farin gari idan ya bushe, saboda haka gara a yi ɗaurayar ƙarshe da tataccen ruwan sha. Tafasasshen ruwa na lanƙwasa roba, fetur, kananzir da sinadarin goge farce kuwa suna cin jikin alƙalamin. Bayan wanki sai a tsayar da shi baki ƙasa a kan takarda mai tsotse ruwa ya kwana, da damina ma ya yi kwana biyu, kafin a mayar da murfi. Wurin ajiya ya zama mai inuwa, nesa da taga, ba cikin mota ba, kuma kada a haɗa shi da makullai ko tsabar kuɗi.

Hutun ma yana da iyaka. Tsofaffin alƙaluma da yawa suna riƙe tawada ne a cikin 'yar jakar roba, wadda ke taurara da shekaru ta fashe; in aka matsa aka ji tauri ko ƙara, to a dakata, tana bukatar canji. Masu famfo kuma, irin wanda Pelikan ya fara fitarwa a 1929, toshiyarsu kan kafe idan ta daɗe ba ta motsa ba. Don haka ya kamata layi ya zagayo kan kowane alƙalami aƙalla sau ɗaya ko biyu a shekara. Wanda alƙalumansa suka yi yawan da hakan ba zai yiwu ba, ya riƙa zuƙa musu ruwa kawai yana fesarwa.

Irin tawadar da aka zuba ita ke yanke tsawon zaman alƙalami a bakin aiki. Mai sauƙin wanki, irin shuɗiyar Quink da Parker ke yi tun 1931, tana yafe sakaci. Wadda ake yi domin rajistar aure da takardun da ake so su daɗe, mai haɗin ƙarfe da sinadarin itace, 'yar uwar wadda malamai ke haɗawa da bagaruwa ce: tana ƙara baƙi bayan ta sha iska, ruwa ba ya wanke ta, amma in ta bushe a ciki tana barin guntaye, tana kuma iya cin bakin da ba na zinariya ba. Alƙalamin da ke ɗauke da ita na bukatar wanki akai-akai. Tawadar allo kuwa, mai gawayi da ƙaro, da ta zane-zane da ta hatimi, ba sa shiga wannan alƙalami ko sau ɗaya. Ƙaron da ke manna rubutu a allo shi ne zai manne hanyoyin ciki.

Wanda ya riga ya tarar da na gado a bushe bai makara ba. Idan ɓangaren gaba na kwancewa cikin sauƙi, sai a jiƙa shi kaɗai a ruwan sanyi ya kwana, a riƙa sauya ruwan safe da yamma. Tawadar da ta yi shekara 20 a daskare takan ɗauki kwanaki kafin ta saki. Ba a tsoma gangar jikin tsohon alƙalami gaba ɗaya a ruwa, domin baƙar robar da aka yi wasu da ita tana koɗewa, ƙarafan ciki kuma suna tsatsa. Ba a kuma cusa allura ko reza a tsagar bakin, ko a kama shi da filaya. Ɓangaren da ya ƙi kwancewa, a tsayar da alƙalamin a kofi, ruwa ya rufe bakin kawai, a sake gwadawa washegari.