Doki Yana Turke, Mai Shi Yana Ƙasar Waje

A tsofaffin unguwannin Kano da Zariya da Katsina da Daura, gidajen da suka gaji barga suna shiga wani sabon yanayi. Doki na ɗaure a turke, amma mai shi yana Jidda, ko Alƙahira, ko Dubai, ko wani gari a Ingila. Kuɗin dusa da harawa ta banki suke zuwa. Da dare sai waya ta yi ƙara, kafin a gama gaisawa ka ji an ce, "Ya Kili? Haska min shi in gani." Ƙane ko muri ya ɗauki waya ya nufi barga.

Abin da ya fitar da waɗannan samari sananne ne: karatu, neman aiki, da kasuwanci. Abin dubawa shi ne dalilin da ya hana su sayar da dokin kafin su tafi, alhali mota da babur da shago duk suna sayarwa. A gidan sarauta, ko gidan da ke bin tawagar wani hakimi, turke idan ya zama wayam magana ce a unguwa, za a ce gidan wane ya mutu. Sannan doki yakan rayu shekara 25 zuwa 30 idan ya samu kula, saboda haka wanda aka saya wa yaro yana sakandare yana nan da ƙarfinsa lokacin da yaron zai tafi digiri na biyu. Tare suka girma, a kansa ya koyi zaman sirdi, ya san wurin da yake son a sosa masa. Tafiya da shi kuwa ba ta taso ba. Ko da akwai kuɗin jirgi, ƙasashen Turai ba sa karɓar doki kai tsaye daga ƙasar da cutar dawaki ta Afirka ta yi kaka-gida, wadda ƙananan ƙwari masu cizo ke yaɗawa, kuma Najeriya na cikinsu.

Sai kuma kuɗi, wanda a ganina shi ne ƙashin bayan lamarin. Daga ranar 29 ga Mayu 2023 da aka janye tallafin man fetur, da sakin farashin naira a watan Yuni na shekarar, dala ta tashi daga kusan naira 460 a farashin gwamnati zuwa sama da 1,500 a farkon 2024. Gero da dawa da dusa suka bi sahu, haka kuɗin ɗauko harawa daga ƙauye. Juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 ya jawo rufe iyaka na watanni, ga yaƙin Sudan da ya ɓarke a Afrilun shekarar, kuma ta waɗannan ɓangarori ne dawaki masu kyau ke gangarowa kasuwanni irin su Maigatari da Mai'aduwa. Ma'aikacin da ke ɗaukar albashi da naira ya fara zaɓi tsakanin cikin doki da cikin 'ya'yansa. Wanda ke karɓar riyal ko fam kuwa, faɗuwar naira sauƙi ta zame masa, abin da zai kashe a cin abinci 'yan kwanaki a can ya isa ciyar da doki wata guda a nan.

Amfanin wannan a bayyane yake. Gidajen da da tuni sun kwance turke sun ci gaba da hawa. Muri ya samu albashi, mai harawa ya samu ciniki, masu ɗinkin jalala da kayan ado da maƙeran linzami da likkafa suna samun aiki gab da salla. Tun can ma tafiya ba ta zama abokiyar gabar doki ba a ƙasar Hausa. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko bayan ziyararsa Ingila a shekarun 1920 ne ya kafa ƙwallon dawaki a Katsina, ɗansa Usman Nagogo kuma ya yi suna a wasan har ƙasashen waje.

Amma akwai abin da kuɗi ba ya saye. Doki yana da riƙo, wannan gaskiya ne. Wani bincike da aka wallafa daga Faransa a 2020 ya nuna dawaki sun gane hoton fuskar mai kula da su bayan wata shida ba su gan shi ba. Sai dai ganewa daban, amincewa daban. Wanda ke share barga da asuba, ya wanke shi, ya duba kofato, ya kwana a kansa ranar da ciwon ciki ya kama shi, shi ne dokin ke yi wa haniniya. Mai shi ya dawo bayan shekara biyu, jiki ya yi nauyi, hannu ya manta linzami, ya hau a cikin taron jama'a da ƙarar bindigogi da tambura, sai dokin ya riƙa waiwayen muri. Wasu faɗuwar da ake gani ranar hawa daga nan suke.

Shi kansa dokin yana cutuwa ta hanyar da ba a zata ba. Mai aiko kuɗi yana son ya ga ƙiba a bidiyo, don haka ake ɗura masa hatsi. Motsa shi kuwa ya yi wuya, gari ya cushe, filayen da ake fita da shi sun zama gidaje, hukuma kuma ta sha hana kilisa a titunan Kano saboda 'yan daba da ke fakewa da ita. Hatsi mai yawa ba tare da aiki ba yana kawo kumburin ciki da ciwon kofato, duk likitan dabbobi ya san haka. Dokin da ya sheƙi a hoto ba lallai ne ya iya zagayen Hawan Nassarawa ba.

A cikin gida ma abin yana ta da ƙura. Ƙanen da aka bar wa amana ba ya iya cewa, "Yaya, aikin nan ya yi mini yawa," domin kunya da kuma sauran hidimar da yayan ke yi wa gida. Idan doki ya rame, an ci kuɗin dusa. Idan ya mutu, zumunci ya yi rauni. Ranar salla kuma shi ne zai riƙe ragama a ƙasa, yayan na bisa da rawani.

Abin ya ƙara rikicewa a Kano. A Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ake alfahari da su, amma a babbar sallar 2024 'yan sanda suka hana hawan saboda rikicin sarauta, suka sake hanawa a 2025, bayan shekarun korona da aka rasa. Wanda ya sayi tikiti, ya ɗauki hutu, ya ciyar da doki wata goma sha biyu domin kwana uku ko huɗu, ya zo ya tarar babu hawa. Idan haka ya ɗore, zai yi wuya kuɗin su ci gaba da zuwa.

A nawa hukuncin, kuɗin waje ya tsare dawakin amma ya raba mallaka da sani. Duk ɗan'uwan da ya san zamansa a waje zai wuce shekara uku, ya yanka wa mai kula da dokin albashi a fili, ya sa likitan dabbobi ya riƙa leƙawa, ya kuma ba shi izinin hawa da fita da shi kullum. In ba zai iya ba, ya mallaka masa dokin gaba ɗaya tun yana da ƙarfi.